Ɗigon da Ba Aya Ba

Wata biyu rana ba ta leƙo garinmu ba,
duwatsu sun tare mata hanya.
Ni kuwa ina ƙasan ɗakin karatu na Siglufjörður,
ni da sikana, da gahawar da ta huce,
da kwali goma sha ɗaya na takardun kamfanin kifi
da ya mutu tun ban zo duniya ba.

Na'urar nan ba ta san toka-toka ba.
Ka ba ta shafi, ta yanke hukunci
kamar alƙalin da yunwa ke kira gida:
kowane ɗigo, ko baƙi ko fari,
babu na tsakiya, babu wataƙila.
Rawayar tsufa ta koma fari fat,
shatin yatsa mai maiƙo ya koma baƙi wuluk.

Sai manhaja ta duƙufa tana kintace:
mai ƙafa biyu, n ke nan; mai tumbi, b.
Ta jera su sahu-sahu, ta ware kan magana,
ta tsai da jadawali bisa ƙafafunsa.
Abin da jiya hoto ne, bebe,
yau ɗan tsinken allo ya kutsa tsakiyarsa,
ya tsaya yana ƙyafta mini ido.

Amma baƙo makaho ne ko da idonsa.
Harafinmu mai ƙusumbi, þ, ta ce p ne,
ð mai sanda a kafaɗa ta ƙwace masa sandar.
Þorgerður, da gishiri ya cinye wa hannu a bakin ganguna,
ta fito Porgerdur, matar da babu wanda ya haifa.
Na mayar mata da sunanta.
Sau ɗari biyu da shida na mayar.

Mai buga tafiretar ban san ta ba,
H.B. kawai take sawa a gindin shafi.
Sai dai na san e ɗinta ya siɗe,
na san tana dukan aya har takarda ta huje,
na san ƙarshen mako layukanta kan karkace.
Gajiya ba ta ɓuya, ko bayan shekara saba'in.

Shafi na ɗari uku da tara.
Mutanen jirgin da bai dawo ba,
da kuɗin da za a kai wa iyalansu.
Suna bakwai. A na biyar, Bergsveinn,
yatsanta ya zame, ta koma ta danne da x,
kuma gefen sunan ga wani tabo kamar ƙwayar wake.
Manhaja ta ce aya ce.
Har da tabbaci, kashi casa'in da takwas.

Na kai takardar gaban fitila.
Tawada ta jiƙe a wurin, ta baje.
A nan da sunan uba ake kiran mace,
to B ɗin nata na wane ne?
Ko yoyon rufi ne, ko ƙanƙarar da ta narke daga gashinta.
Ba zan ara mata hawayen da ban gani ba.

Ásgrímur, shugabana, rubutu tsaf yake so,
wanda za a nema a samu, a kwafa, a gyara.
Gaskiyarsa. Jikoki na can ƙetare suna jira.
Amma abin da ke gyaruwa yana goguwa,
yatsa ɗaya, ba ƙara, ba ƙura.
H.B. in ta yi kuskure sai ya zauna daram, ya zama shaida.
Nawa ko sawu ba ya bari.

Na goge ayar, don ba aya ba ce.
Na bar x ɗin inda ta bar shi.
A ƙasa, da ƙananan haruffa masu jirkice, na sa:
akwai tabo a nan, a duba hoton.

Na adana. Na ɗaga murfi. Ɗari uku da goma.
Haske ya taso ƙarƙashin gilashi, yana jan ciki
daga wannan gefe zuwa wancan.
Ita ke nan hantsinmu ta yau.